Haɗa Blu-ray da Tsohon Majigi: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Yawancin majigin gida da aka ƙera tsakanin 2002 da 2005 domin DVD aka yi su. Na'urorin Blu-ray na farko, wato masu kunna faifan fim da ya fi DVD kyan hoto, ba su shiga kasuwa ba sai tsakiyar 2006, don haka waɗanda suka ƙera majigin ba su yi tanadin duk irin siginar da za a riƙa turo masa daga baya ba. Duk da haka da yawansu suna nan suna aiki, ana samunsu da araha a kasuwar kayan gwanjo, kuma in ɗaki ya yi duhu hotonsu yana da kyan da zai hana mutum rabuwa da su. Rigimar tana farawa ne ranar da aka kawo na'urar Blu-ray aka jona, aka kashe fitila, kowa ya zauna, sai allo ya tsaya shuɗi da rubutun "No Signal" a gefe.

Daga nan ake fara asarar kuɗi. Wani ya koma kasuwa ya sayo sabuwar waya, wani ya tara adafta iri-iri, wani kuma ya ɗauki majigin ya kai wa mai gyara a buɗe masa ciki alhali lafiyarsa ƙalau. Galibi babu abin da ya lalace. Sabuwar na'urar ce take turo siginar da tsohon bai san ta ba, kuma kusan kullum akwai inda za a shiga a ce mata ta sauko. Saiti ba a biyansa ko sisi, saboda haka shi ya kamata a fara taɓawa kafin aljihu.

Sayen kaya kafin a leƙa bayan majigin

Juya majigin ka haska tocila a bayansa. In ka ga 'yar siririyar kafa an rubuta HDMI a kanta, rabin aikin ya ƙare. In ka ga wata farar kafa mai faɗi, da ramukan tsinkaye jere uku da wata tsaga a gefe guda, DVI ce. Shuɗiya mai ramuka 15 ita ce VGA. Zagayayyun kafofi uku, kore da shuɗi da ja, masu alamar Y, Pb, Pr, su ne kwamfonen. Rawaya guda ɗaya kuwa ita ce tsohuwar kafar bidiyo ta zamanin kaset, kuma duk wanda ya jona Blu-ray ta nan ya zubar da kuɗinsa, domin hoton da za ta wuce da shi bai kai na DVD mai kyau ba.

Akwai wata kafa da take yaudarar mutane sosai. Kamfanin InFocus ya sa wa majiginsa da dama, irin su ScreenPlay 4805 na 2004, wata kafa mai suna M1-DA. A ido kamar DVI take, amma ta fi ta faɗi, kuma kan wayar DVI ba ya shiga. Kada ka tura da ƙarfi, tsinkayen ne za su lanƙwashe. Tana da nata adaftan na musamman, daga M1 zuwa HDMI ko zuwa DVI, shi za ka nema da sunansa.

Bayan kafofi, nemi lambar samfurin a takardar da ke manne a ƙasan majigin, ka binciko littafinsa a intanet. Abu uku kake nema a ciki: ainihin yawan ɗigon hotonsa, jerin siginar da yake karɓa, da ko an ambaci HDCP, wani tsarin hana kwafar fim da za mu zo kansa. Na farkon nan yana rikita mutane. Ganin "1080i", wato sigina mai layi 1080, a jikin kwali ba ya nufin majigin yana nuna ɗigo 1920 a 1080. Karɓa daban, nunawa daban. Panasonic PT-AE700 da Sanyo PLV-Z2 suna nuna 1280 a 720 ne. InFocus ɗin da na ambata 854 a 480 yake nunawa. Majigin ofis na wancan lokaci kuwa galibi 1024 a 768 ne ko 800 a 600. Duk abin da ka turo musu sai sun matse shi ya dawo wannan adadi. Wannan bai sa haɗin ya zama aikin banza ba. A majigi mai layi 720, bambancin Blu-ray da DVD a fili yake, musamman a fuskokin mutane daga nesa da ƙananan rubutu.

DVI da maganar HDCP

HDMI da DVI hanya ɗaya suke bi wajen ɗaukar hoto, shi ya sa waya mai kan HDMI a gefe guda da kan DVI a ɗaya gefen take aiki ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Kuskuren shi ne zaton cewa tunda kai ya shiga, magana ta ƙare.

Na'urar Blu-ray ba ta sakin hoto ta HDMI sai ta tabbatar abin da ke ɗaya gefen yana da HDCP, wato tsarin kariyar da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar fina-finai. Abin kamar sallama ne a ƙofar gida: na'urar ta yi, in majigin bai amsa ba, ba ta shiga. DVI ta fito tun 1999 domin kwamfuta, kafin a fara wannan sharaɗi, don haka akwai majigi da yawa masu DVI da ba su san HDCP ba sam, musamman na ofis da na aji. Alamarsa ita ce allo baƙi, ko ɗige-ɗige masu motsi da suka cika allon, ko hoto ya leƙo na daƙiƙa biyu ya ɗauke, ya sake leƙowa ya ɗauke. A wasu na'urorin za ka ga tambarin kamfani da shafin farko lafiya, sai fim ya fara komai ya ɓace.

In littafin majigin bai ambaci HDCP ba, babu wayar da za ta gyara wannan, komai tsadarta. Ina nanata wannan saboda a nan aka fi cutar mutane a shago, a ce musu wayar da suka saya ce ba ta asali ba. Ana sayar da wasu 'yan akwatuna da ake cewa suna cire kariyar. Ba na ba da shawarar a dogara da su: sun saɓa wa sharaɗin lasisin, ba su da tabbas, kuma wanda ya yi aiki da wannan na'ura sai ya ƙi yi da waccan. Mafitar da ta fi tsafta ita ce kwamfonen, za mu zo kanta.

In kuwa majigin yana da HDCP amma yana gardama, sau da yawa tsarin kunnawa ne. Fara kunna majigin, ka bar shi ya gama haskawa, ka zaɓi kafar da wayar take da hannunka, in akwai amfilifaya a tsakani ka kunna ta, sannan na'urar faifai a ƙarshe. Tsofaffin majigi suna da nawa wajen farkawa, kuma in na'urar ta nemi amsa tun bai shirya ba, wata ba ta sake nema. In abin ya cije, cire filogin duka biyun daga bango na minti ɗaya, ka sake daga farko.

Barin saiti a kan "Auto"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma gyaransa ya fi kowanne sauƙi. Duk na'urar Blu-ray tana zuwa da matakin hoto a kan "Auto". Ma'anarsa za ta tambayi majigin me yake iya karɓa, shi kuma ya ba ta wani ɗan bayani da ke ajiye a cikinsa mai suna EDID. A tsofaffin majigi wannan bayani yakan zama guntu, ko an rubuta shi domin kwamfuta kawai. Sai na'urar ta yi hasashe. Wani lokaci ta tura 1080p, wanda yawancin majigin da suka riga 2006 ba sa karɓa. Wani lokaci kuma ta faɗo can ƙasa 480p, hoto ya fito, mai gida ya zauna yana kallo watanni yana mamakin me ya sa ake yabon Blu-ray.

Cire shi daga "Auto" ka zaɓa da kanka. Majigi mai 1280 a 720 a ba shi 720p. Ka gwada 1080i ma ka kwatanta, amma a ganina 720p ya fi dacewa a mafi yawan lokuta, domin na'urar faifan ta fi majigin ƙuruciya kuma ta fi shi iya rage hoto. Tsofaffin majigi da dama in an ba su 1080i rabin layukan kawai suke ɗauka, wato 540, su miƙe su, sai hoton ya yi laushi kuma gefen abubuwa ya riƙa rawa. Don sanin abin da majigin yake karɓa a zahiri, danna maɓallin bayani a rimot ɗinsa. Zai rubuta siginar da ke shigowa.

Akwai wani saiti na biyu da yake ɓuya, ana rubuta shi "24p Output" ko "1080/24p". Fina-finan silima hoto 24 ake ɗauka a daƙiƙa, haka kuma ake ajiye su a faifan Blu-ray. Shafin farko na na'urar yana fita a 50 ko 60, wanda majigin ya saba da shi, amma da fim ya fara sai ta koma 24, allo ya mutu. Ka lura alamar nan daidai take da ta rashin HDCP, kuma na tabbata an jingine majigi masu yawa a lungu bisa wannan ruɗani. Kafin ka yanke wa naka hukunci, kashe 24p. Kashe "Deep Color" ma in akwai shi, majigin wancan zamani bai san shi ba.

To yaya za a canza saiti alhali allon baƙi ne? Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki na'urar ka jona ta da talabijin, ka saita 720p, ka kashe 24p, ka dawo da ita. Wasu na'urorin suna da hanyar gaggawa. A tsofaffin Sony da dama, riƙe maɓallin tsayawa na jikin na'urar sama da daƙiƙa 10 yana mayar da hoto mataki mafi ƙasa. A PlayStation 3, wadda mutane da yawa suke kallon Blu-ray da ita, in tana kashe ka riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, za ta sake saitin hoto.

Hoto ya fito, amma launi ya birkice

In fuskoki suka koma ruwan hoda, ko komai ya rine kore, kada ka taɓa saitin launi na majigin. HDMI tana iya tura launi ta hanya biyu, YCbCr ko RGB, ita kuwa DVI RGB kawai ta sani. Shiga saitin HDMI na na'urar faifai ka zaɓi RGB, nan take fuskoki za su dawo daidai.

Da ka zaɓi RGB sai wata tambaya ta taso da mutane suke tsallakewa. Bidiyo yana ƙidaya baƙi daga 16, fari ya tsaya a 235. Kwamfuta kuwa daga 0 take farawa zuwa 255. In na'urar tana turo na bidiyo, majigin yana jiran na kwamfuta, baƙi zai koma ruwan toka, hoton ya yi kamar an lulluɓe shi da hazo. In akasin haka ne, duk abin da ke cikin inuwa zai nutse: baƙar riga ta zama dunƙule guda, babu maɓalli babu ninki, gashin kai ya haɗe da duhun bayansa. Tsayar da fim a wurin da ake cikin dare, ka dubi baƙaƙen layukan sama da ƙasa. In sun yi fari-fari, ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. A na'urar ana rubuta zaɓin "Limited" da "Full", ko "Standard" da "Enhanced". A majigin kuma "Video" da "PC". Ka sa su zama iri ɗaya. Rage haske da rimot don ɓoye matsalar yana ƙara ɓata hoton ne kawai.

Kwamfonen da tarkon shekarar ƙira

Majigin da ba shi da HDCP amma yana da kafofin nan uku yana iya nuna 720p ko 1080i mai kyau ƙwarai ta kwamfonen. Sai dai ba kowace na'urar Blu-ray ce za ta ba shi ba. Hukumar AACS, mai riƙe da lasisin kariyar faifan, ta shimfiɗa sharaɗi: samfuran da aka fitar daga 2011 ba za su tura hoton Blu-ray ta kwamfonen sama da 480i ko 576i ba, daga 2014 kuma an cire kafofin gaba ɗaya. Saboda haka mutum zai sayi na'urar 2012, ya ga kore da shuɗi da ja a bayanta, ya yi murna, ya jona, hoton da zai samu bai wuce na DVD ba, kuma babu saitin da zai ɗaga shi.

Wanda yake wannan hali na'urar da aka ƙera tsakanin 2007 da 2010 zai nema. Shekarar tana rubuce a takardar bayanta. Ya sani cewa tana da jinkirin buɗe faifai, kuma in ya sa DVD na asali mai kariya ba za ta ɗaga hotonsa ta kwamfonen ba, a 480p ko 576p zai tsaya.

Wajen jonawa, ja guda biyu ne a bayan na'urar: na Pr da na sautin dama. Musanya su abu ne mai sauƙi a cikin duhu, sakamakonsa kuwa hoto marar ja da sifika mai gurnani. Wasu majigin ba su da kafofin uku amma suna karɓar kwamfonen ta kafar VGA, da waya mai kai uku a gefe guda da kan VGA a ɗayan. Wannan yana aiki ne kawai in littafin ya faɗa, kuma sai ka shiga menu ka mayar da kafar daga "Computer" zuwa "Component", in ba haka ba allon kore zai yi.

Sai wata waya da ta cika shaguna, kan HDMI a gefe guda, VGA ko kawuna uku a ɗayan, babu akwati babu komai a tsakani. Ba ta aiki da na'urar Blu-ray, kuma ba za ta taɓa yi ba. Siginar HDMI ta lambobi ce, ta VGA da kwamfonen kuwa ta tsohon tsari ce, dole sai da kwanbata mai lantarki a ciki. Kwanbatan ma hanya ɗaya yake bi. Wanda aka rubuta wa "VGA to HDMI" ba zai yi aikin "HDMI to VGA" ba, kuma kwalayensu kusan iri ɗaya ne, don haka karanta a hankali. In da hali kada ka biya sai an gwada shi da na'urar Blu-ray da faifai na asali a ciki. Gwaji da kwamfuta bai nuna komai ba, tunda ita ba ta neman HDCP a shafinta na yau da kullum.

Doguwar waya

Majigi yakan zauna a silin ko bayan ɗaki, na'ura kuma a gaba, sai a buƙaci mita 10 ko fiye. A nan siririyar waya take gazawa: fararen ɗigo masu ƙyalƙyali a wuraren duhu, ko hoto yana zuwa yana ɗaukewa. Kafin ka binne waya a silin, ajiye na'urar kusa da majigin ka gwada da gajeriya ta mita ɗaya ko biyu. In ya yi da gajeriya ya ƙi da doguwa, ka san mai laifin. Abin farin ciki shi ne 720p da 1080i rabin nauyin 1080p mai 60 suke ɗora wa waya, don haka saukar da matakin yakan warkar da wannan ma. Dogayen wayoyi masu lantarki a kai suna da gaba da baya. Kan da aka rubuta wa "Source" na na'urar faifai ne, "Display" na majigi. In ka juya su babu abin da zai fito.

Kuma kada ka riƙa cirewa da sa wayar HDMI alhali na'urorin suna kunne, balle a gidan da ake aiki da janareta babu wayar ƙasa, majigi a soket ɗaya na'ura a wani. Kafar tana iya ƙonewa, kuma samun kayan gyaran majigin da ya haura shekara goma sha biyar ba ƙaramin aiki ba ne.

Hoto ya yi, sauti shiru

DVI ba ta ɗaukar sauti, haka VGA, haka kwamfonen. Ko majigin mai HDMI ne, da yawa daga na gida ba su da sifika ko ɗaya. Sauti hanyarsa daban: daga na'urar faifai kai tsaye zuwa amfilifaya.

Tsohuwar amfilifaya marar HDMI tana karɓa ta wayar haske, mai jan haske a baki, ko ta kafa guda mai alamar "Coaxial". Waɗannan ba sa ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, amma kada wannan ya dame ka. Na'urar za ta tura Dolby Digital ko DTS na yau da kullum, kuma a Blu-ray sukan fi na DVD cika: Dolby yana kaiwa kilobit 640 a daƙiƙa inda DVD ya tsaya a 448. In amfilifayarka tana da tambarin Dolby da DTS a gaba, zaɓi "Bitstream". In mai sifika biyu ce, zaɓi "PCM" ka kunna "Downmix" a kan sitiriyo. Barin wannan yana jawo abu biyu: ko wata ƙara mai kaifi kamar ta rediyon da ba a kama tasha ba, wadda za ta iya lalata sifika, ko kiɗa da harbe-harbe su fito amma maganar 'yan wasa ta ɓace, domin magana a sifikar tsakiya take kuma ba a haɗo ta ba.

Sababbin na'urori da yawa HDMI ɗaya tal gare su. A nan ana sa ɗan akwatin da ke zare sauti daga HDMI ya fitar da shi ta wayar haske ko ja da fari. Yana da ɗan makunni a gefe mai "Pass", "2CH" da "5.1CH". In ka bar shi a "Pass", zai kwafi bayanin majigin, majigin DVI kuwa cewa yake ba ya karɓar sauti, sai na'urar ta rufe sautin gaba ɗaya. Matsar da shi "2CH" ko "5.1CH". In kuma murya tana riga motsin baki, majigin ne yake ɗan jinkirta hoto. Nemi "A/V Sync" ka ƙara jinkirin sauti kaɗan-kaɗan har su haɗu.

Game da siffar hoto, gajeriyar magana ce. Bar na'urar a 16:9, ka sa majigin ma a 16:9. Majigin ofis mai 1024 a 768 zai yi amfani da layi 576 kawai, sauran su zama baƙi. Fina-finan da faɗinsu ya ninka tsayinsu sau 2.39 suna da baƙin layi sama da ƙasa ko a allon 16:9 ma. Haka aka ɗauke su, kuma miƙe su yana dogonta fuskoki. Gyaran karkata na "Keystone" yana cin ɗigon hoto, gara ka daidaita zaman majigin da hannu.

Laifin da ba na haɗi ba

Kayan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, kowanne da sharaɗin ƙasarsa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu kuwa a Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin 220 ne da 240. Majigi da yawa suna karɓar 100 zuwa 240, amma na'urorin Blu-ray na Amurka da dama 120 kawai aka rubuta musu kusa da wayar wuta. Karanta kafin ka sa a soket. In 120 ce, sai da taransifoma mai rage wuta.

Faifan Blu-ray kuma an raba shi shiyya uku. A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya. C kuwa Indiya da Sin da Rasha. Harafin yana bayan kwalin faifan da bayan na'urar. Faifai da yawa suna ɗauke da haruffan uku, suna yi a ko'ina, amma wanda aka kulle ba zai buɗe a wata shiyya ba, kuma masu son fina-finan Indiya su fi kowa lura da wannan. Na'urorin Amurka da dama kuma suna ƙin faifan da aka yi a tsarin hoto 50 a daƙiƙa, wanda ya haɗa da DVD na PAL irin namu, wasu ma ba sa karanta VCD. Mai tarin tsofaffin fina-finan Hausa kada ya yi saurin bayar da tsohuwar DVD ɗinsa.

Sannan ba duk faifan da aka buga wa tambarin Blu-ray a kwali ne Blu-ray ba. Na gaske yana ɗaukar gigabayit 25 ko 50, galibi fim ɗaya ne a ciki. Wanda aka cusa wa fim goma ko ashirin DVD ne mai 4.7 ko 8.5, an matse kowane fim har ya fita hayyacinsa, kuma babban allo tona masa asiri yake yi. Kada ka auna haɗinka da irinsa. In kuma sauti ya ɗauke bayan kamar minti 20 da fara fim, rubutu ya fito yana ambaton Cinavia, wayoyinka lafiya suke. Wata kariya ce da ke cikin na'urorin da aka fitar daga 2012, tana gane faifan da aka kwafa. Faifai na asali da ya ƙi buɗewa a tsohuwar na'ura kuwa yakan buƙaci a sabunta manhajarta, ta intanet ko ta filashi daga shafin kamfanin.

Abu na ƙarshe da ake ɗora wa Blu-ray laifinsa shi ne dusashewar hoto. Ƙwan majigi yana raguwa a hankali har ido ya saba. Yawancin na wancan zamani awa 2000 zuwa 3000 aka ƙiyasta musu, kuma kafin su kai nan haskensu ya ragu sosai. Ƙurar hunturu tana toshe filta, zafi ya taru, majigin ya riƙa kashe kansa a tsakiyar fim. Ɗauke wuta ba zato yana tsayar da fanka alhali ƙwan yana da zafi, wannan kuma yana rage masa kwana, shi ya sa ƙaramar UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai ƙarfin da ya haura abin da aka rubuta a jikin majigin ta fi tsadaddiyar waya amfani. Mintuna kaɗan kake buƙata ka kashe shi da rimot fanka ta gama aikinta. Duba awannin ƙwan a menu, ka zare filta ka karkaɗe ta. In sai an canza ƙwan, bari ya huce na akalla awa ɗaya bayan cire filogi, kada ka taɓa gilashin sabon da yatsa, kuma ka mayar da ma'aunin awanni sifili bayan ka ɗaura, domin wasu majigin suna ƙin kunnawa in ma'aunin ya cika ko da ƙwan sabo ne.